Ranar Da Duba-Shafi Ya Zauna A Bencin Baƙi

Shekara ashirin da shida ya yi a ofishin ƙididdiga, a ɗakin ƙarshe kusa da matattakala, inda fanka ke juyawa kamar roƙonta ake yi. Aikinsa amsa tambayar masu neman adadi: mutane nawa, rijiyoyi nawa, ajujuwa nawa. Amsarsa kuwa ɗaya ce tal. Sai ya sauko da littafin shekara, mai kauri kamar matashin kai, ya dire wa mutum a tebur, ya ce, "Duba shafi na ɗari biyu da kaza." Nan ya samo sunan Duba-Shafi. Har matarsa, in ya tambayi ina hularsa, sai ta ce ya duba shafi na tara.

Ba mugu ba ne, Allah ya gani. Ba ya makara, ba ya miƙa hannu, bai taɓa rubuta bakwai a gurbin ɗaya ba. Ciwonsa guda: ya ɗauka kowa da lamba a baki aka haife shi. A littafin nan unguwanni ba su da suna, sai lamba. Sunayen suna wani littafi daban, cikin kabad, makullin yana aljihunsa. Ɗalibai su shigo da fara'a, su fita da ciwon kai, shi kuma ya rubuta a rajista cewa an biya bukata.

Wata Litinin sai ga yayarsa, wadda ta goye shi, ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwarsu.

"Kai auta, tashi."

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ranar Alhamis za a rufe mana ɗakin haihuwa. Wai kwamiti ya duba littafinku, ya ga haihuwa ta ragu da kusan rabi. Rabi! Ni da bayana ya daina miƙewa don sunkuyo? In aka rufe, mace da naƙuda sai ta hau mota biyu kafin ta ga babban asibiti."

Hannunsa, da ya saba, ya kai kan littafin. "Yaya, duba shafi na..."

"In ka ƙarasa, da shi zan rufe maka baki. Yau kai za ka duba."

Ta haye kujerarsa, ta nuna masa bencin baƙi. Bawan Allah, mai furfura a gemu, ya zauna inda bai taɓa zama ba. Ashe bencin ma ƙafarsa ɗaya gajera ce.

Ya buɗe kabad, ya nemo sunan unguwar, ya kwafi lambarta, ya koma babban littafi. Shekara uku baya, haihuwa ɗari huɗu da goma. Bara, ɗari biyu da talatin. Yana shirin cewa lamba ba ta ƙarya, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tauraro a gefen adadin, ƙarami kamar kashin ƙuda. Ya bi shi har ƙarshen littafi. Can, cikin rubutun da sai an matse ido, aka ce da aka fitar da sabon titi an raba unguwar biyu, an ba ɗaya ɓangaren sabuwar lamba. Kwamiti tsohuwar lambar kaɗai ya karanta. Wa ya buga wannan bayani? Shi da kansa, da yatsunsa.

Ya haɗa ɓangarorin biyu: ɗari huɗu da saba'in da biyar.

"Yaya," ya ce a hankali, "ƙaruwa ta yi."

"Sannu da gano abin da bayana ya sani tuntuni. Ran mata kuka rataya a tauraron da ko mai gilashi ba ya gani? To, rubuta min."

Ya zana mata layi-layi da lambobi. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta mayar masa. "Shugaban kwamiti tsohon tela ne, auta. Nuna masa dogo da gajere."

Sau uku yana yagawa. A na huɗu ya rubuta sunan unguwar da manyan baƙaƙe, ya ja sanda biyu a tsaye, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa magana guda a ƙasa: an raba unguwa a takarda, amma ɗakin haihuwa ɗaya ne. Yaya ta kira mai sharar ofis, ta ɗora yatsa a kan sandunan, ta ce ga da, ga bara.

"Ai ƙaruwa aka yi," in ji mai shara, tsintsiya a hammata. "Shi ne kuka wuni a kai?"

Ranar Alhamis ya raka Yaya zaman kwamiti, ba littafi a hannunsa, yana jin kansa kamar wanda ya fito ba takalmi. Shugaban kwamiti ya kalli takardar, bai kai minti guda ba, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Da haka kuka kawo tun farko, wa zai ta da hankalin mutane? A bar ɗakin a buɗe."

Da suka fito, Duba-Shafi ya tsaya a bakin ƙofa. Ya jingina da bango, ya yi ta hamdala. Tun daga makon ya shiga yi wa kowace unguwa takarda guda da sunanta, yana mannawa a bangon ofis, makullin kabad kuma ya bar shi a jikin ƙofa. Sunan dai bai sake shi ba, matarsa ba ta yarda ba.

A ranar Alhamis ɗin kuwa, Yaya ta dube shi a jikin bangon da ya jingina, ta gyara jakarta.

"Ashe goyon da na yi bai tafi a banza ba. Miƙe, kada a ce ni na dake ka. Na tafi, akwai mai naƙuda tana jirana. Ka ƙara ɗaya a takardarka."