Bakin Dabgi

Shin Kaka ta san ni ce na cinye hatsin nan? Na tsufa, bara aka binne mijina, amma wannan tambaya har yau tana zaune a ƙirjina.

Shekarar yunwa ce, a ƙauyenmu kusa da Dumega, ko haƙoran yarinta ban gama zubarwa ba. Rumbuna sun ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Mata kan fita da hauya su tona gidan tururuwa, su bi rami har inda ta tara ƙwaya, su sheƙe ƙasar. Ran nan Inna ta wuni tana tono, abin da ta samo bai cika tafi biyu ba. Ta ce na Kaka ne, don ƙafafunta sun fara kumbura. Ta rufe shi a ƙwarya ta tafi rijiya. Na buɗe, na taune shi ɗanye har da tsakuwarsa. Da ta dawo na ce ɓera ne. Inna ta zauna a ƙasa tana kuka.

Bayan magariba Kaka ta sa aka hura wutar kara, ko da yake ba abin ɗorawa.

"Ku matso, jikoki," ta ce. "Tukunya ta yi shiru yau, to ni ina da magana."

Ta ce dabgi, dabbar nan mai dogon baki da ke tona ramuka a daji, mutum ne a da. Cikin wata yunwa ya tona gidan tururuwa don 'ya'yansa. Da ya ga hatsi sai ya cusa baki, ya ce loma ɗaya kawai. Kowace loma bakinsa na ƙara tsawo, har ya share ramin. Ya iso ƙofar gida, ya shafa fuskarsa, ya juya da gudu. Shi ya sa ba ya fita da rana. Har yanzu yana tono yana neman abin da zai kai gida, tururuwa kaɗai yake samu.

Yayana ya ce, "Kaka, ba su yafe masa ba?"

"Wa ya sani? Bai tsaya ya tambaya ba."

Na kwana da hannu a baki.

A da na ɗauka gargaɗi ne a kan haɗama. Sai da na girma na ga ƙofa ce Kaka ta buɗe mini, na ƙi shiga. Mijina ya sha tambayata me ya sa ba na cin tuwo sai kowa ya ƙoshi. Shi ma ya tafi ban faɗa masa ba. Su biyun, shi da Kaka, nake yi wa kuka.

Kaka ba ta ga girbi ba. Ranar da za ta rasu ta kira ni. Idanunta sun daina gani, sai ta laluba fuskata, yatsunta suka tsaya a leɓena.

"Ɗan bakinki yana nan ƙarami, yadda Allah ya yi shi," ta ce. "Tafi ki yi wasa."