Luba Mai Tuwo da Hannun Jarin Kamfanin Sabulu

Luba 'yar Bugaje ce, aure ya kawo ta Jibiya. Mijinta ɗan kamasho ne a tasha. Da ya rasu, shekarar da aka canza fam zuwa naira, sai ta girka tukwane biyu a bakin hanyar Maraɗi, dab da shingen kwastan, tana sayar da tuwon dawa da miyar kuka. Zamanin kuɗin mai ne, motoci na fita da siminti da atamfa, suna shigowa da wake da shanu, direbobi kuwa duk a rumfarta suke jira a duba takardunsu. Kafin shekara huɗu tukwane sun zama shida, har ta ɗauki mata biyu masu tuƙi.

A bakin Malam Mahmudu, malamin firamare da ke cin rana a wurinta, ta fara jin zancen hannun jari, cikin 1977. Ya ce gwamnati ta tilasta wa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, kuma wata hukuma a Ikko ce ke yanke farashi, ba kamfani ba.

"To, in na biya mi za a ba ni?" in ji Luba.

"Takarda, Inna."

"Takarda kaɗai?"

"Ita ke nuna kina cikin masu kamfanin. In sun ci riba a ba ki, in sun faɗi ku faɗi tare."

Ta tambayi limamin unguwarsu. Ya ce tarayya ce, ba laifi, muddin ba kamfanin giya ba ne. Sai ta zaɓi na sabulu, don ta san sandar sabulu nawa rumfarta ke cinyewa a mako.

Sau uku ta je banki a Katsina. Zuwan farko an ce fom ya ƙare, manyan 'yan kasuwa sun kwashe. Na biyu akawu ya miƙo mata takarda cike da Turanci, ya ce sai ta buɗe asusu, kuma tunda ba ta iya sa hannu ba sai ta zo da shaida. Na uku ta ɗauko Malam Mahmudu, ta biya masa kuɗin mota, ya cike, ta dangwala yatsa. Hannun jari ɗari huɗu ta nema, kowane kobo saba'in.

Akwai wani direba mutumin Maraɗi, Bubakar, da ya daɗe yana cin tuwonta. Shi ma ya so saye, amma doka ta ce sai ɗan Nijeriya. Ya kawo mata kuɗinsa na sefa ya ce ta saya da sunanta.

"Bubakar, yatsana ne a takardar," ta ce. "Ran da na mutu ɗiyana za su ce tasu ce, su yi rigima da kai. Ba ni so."

Ya yi fushi, mako biyu yana ci a wata rumfa, sannan ya dawo.

Bayan wata biyar wasiƙa ta iso. Masu nema sun yi yawa, an ba ta ɗari kacal, an maido mata da naira ɗari biyu da goma. Abin ya ɓata mata rai ƙwarai, don ta riga ta cire kuɗin daga zuciyarta.

A lokacin ne Ɗantala, wani dillalin wake, ke tara jama'a su haɗa kuɗi su sayi tirela. Ba fom, ba banki, ba ruwansa da ƙasar da mutum ya fito. Bubakar ya zuba, Luba ma ta zuba abin da aka maido mata. Malam Mahmudu ya ja mata kunne.

"Inna, wannan hwa ba wata hukuma da ta duba shi."

"Wanda hukuma ta duba ai ɗari suka ba ni, Malam. Sauran in binne su?"

Shekarar farko Ɗantala ya kawo mata naira sittin a hannu. Kamfanin sabulu kuwa cakin naira shida ya aiko, wanda sai ta je Katsina za ta karɓa. A shekara ta biyu tirelar ta kife a hanyar Gusau da lodin siminti, ashe ba ta da inshorar kirki. Ɗantala bai gudu ba. Ya sayar da inji da tayoyi, ya tara mutane a ƙofar gidansa ya raba, Luba ta tashi da naira talatin da biyar. Kwana biyu matan rumfa na ta kaffa-kaffa da ita. Daga nan ba ta ƙara tada zancen ba, Ɗantala ma ya ci gaba da zuwa cin tuwo.

Abin da ya rage mata shi ne sanin hanya. Da aka sa hannun jarin wani kamfanin atamfa a kasuwa, Hajjo mai ƙosai ta zo neman shawara. Luba ta ce mata ta nemi kaɗan, don masu neman kaɗan aka fi cika wa, kuma ta tanadi shaidarta tun daga gida. Ran Litinin Luba ta bar wa matan rumfa tukwane, suka shiga motar farko tare, suka isa Katsina kafin a buɗe banki.