Ƙulli a Wayar Motar Auta

Idan ka bi layin masu gyaran mota da hantsi, kunnenka zai gaya maka inda kake tun kafin idonka. Injin mai walda yana kuka, mai faci yana jibgar taya kamar ta yi masa rashin kunya, mai fenti yana tari. Rumfar ƙarshe ce kaɗai babu hayaniya. A can za ka iske wani dattijo ya sunkuya cikin bakin mota, yana magana ƙasa-ƙasa da wayoyi. Shi ne Mai Ƙulli, mai wayarin mota.

A wurin aiki ya samo sunan. Duk wayar da ya taɓa sai ya ɗaura mata zare: wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu, waccan uku. Ko mota ta yi shekaru ta dawo, hannu kawai zai zura ya shafa, ya gaya maka inda kowace waya ta nufa. Mutanen layi sun ɗauka tsabar ƙa'ida ce. Gaskiyar kuwa, tun yana yaro idonsa ba ya raba ja da kore da ruwan ƙasa, ga shi a sana'ar da ake gane waya da kalarta.

Mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa, matarsa, wadda duk layin ke kira Inna. Tun suna sabon aure ita take kawo masa abincin rana da kanta. Ta ajiye kula a kan benci, ta matso kamar mai yi masa sannu da aiki, shi kuma ya ɗaga waya.

"Wannan fa?"

"Ja."

"Wannan?"

"Kore mai ratsin fari."

Sai ya ƙulla. Mai faci kan leƙo ya ce, "Ku dai soyayyarku ba ta tsufa. Kullum raɗa, kullum raɗa. Me ake cewa ne?"

"Cewa take in nemi maƙwabci mara surutu."

Yana da ƙwan gwaji, ɗan ƙaramin ƙwan fitila mai jelar waya, wanda ke kamawa in an taɓa shi da wayar da ke da wuta. Da shi yake bin diddigin kowace matsala. Amma wayar da Inna ta riga ta faɗa, bai taɓa sa mata ƙwan ba. In ta ce ja, to ja ce. Haka suka ciyar da gida, suka kai yara makaranta, ba a taɓa jin motar da ta fito daga rumfarsa ta yi ƙaurin ƙuna ba.

Da sababbin motoci suka yi yawa, masu su suka koma kai su kamfani. Bencin rumfa ya fara yin ƙura. Ana nan sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, likitar dabbobi, ta sayi a-kori-kura sabuwa fil. Aikinta na bin gonaki ne, magariba takan riske ta a hanya mara kyau, don haka tana son doguwar fitila a kan rufi da ƙanana biyu masu haska bayan mota. A wurin cin abinci ta ce za ta kai kamfani a haɗa mata. Mai Ƙulli ya tsame hannu daga abincin. Da ta tafi ya ce wa Inna, "In 'yar cikina ta kai motarta wani wuri, me nake jira a rumfa kuma? Kwaɗo zan sa mata."

Inna ta san ba ya maimaita magana. Ta kira Auta a waya. Washegari da rana a-kori-kura ta shigo layin, ta tsaya a rumfar ƙarshe.

"Baba, motar nan fa ba irin waɗanda ka saba ba ce."

"Tana da batir?"

"Tana da shi."

"To 'yar gida ce, likitar awaki. Buɗe mini bakinta."

Motar ta zo da makunnai huɗu a jere saman madubi, waɗanda kamfani ya tanada don ƙarin kayan wuta. Wayoyinsu na naɗe wuri ɗaya kusa da batir, bakinsu a rufe, suna jiran mai haɗawa. Auta ta karanto masa daga littafin motar: makunni na ɗaya, mai babban fis, wayarsa kore ce, na huɗu, mai ƙaramin fis, ruwan ƙasa. Doguwar fitila tana shan wuta sosai, dole ta hau na ɗaya. Ƙananan biyu na huɗu ya ishe su.

Ya ɗaure fitilu, ya bi da wayoyinsu ta gefen gilashi cikin roba, ya kama su da maɗauri yadda ba za su goga ƙarfe ba. Ana cikin haka wayar Auta ta yi ƙara, ta fita bakin titi tana faɗa da wani mai gona a kan saniyar da ta ƙi cin abinci. Inna ta iso da kula. Ya ɗaga wayoyi biyu.

"Wace ce kore?"

Ta ɗan jima. "Ta hannun damanka."

Ya ɗaura wa ta dama ƙulli ɗaya, ɗayar ƙulli huɗu, ya haɗa, ya naɗe.

"Shiga ki murza makulli," ya ce wa Auta da ta dawo. "Danna na ɗaya."

Ta danna. Ƙananan fitilun baya suka kama. Rufi shiru.

"Danna na huɗu," ya ce, murya ta ɗan sauka.

Doguwar fitila ta yi walƙiya sau ɗaya, aka ji tas, ta mutu. Fis ya ƙone. Mai faci ya daina dukan taya.

Auta ta sauko a hankali. "Baba, ba komai. Bari in kai musu kawai, kar mu taɓa wani abin da zai fi wannan."

Bai dube ta ba. Inna yake kallo. Ta sunkuya a bakin motar, ta kawo wata waya dab da hancinta, tana karkata ta wajen haske, tana runtse ido. Sai ya tuna kwanan baya ta miƙo masa allura ya zura mata zare, ta ce hannunta ne da maiƙo. Ya tuna yadda ta koma lalubar bakin ƙofa da ƙafa kafin ta taka.

"Hannuna ne ya kuskure," ya ce. Duk tsawon zamansa a layin ba a taɓa jin ya faɗi haka ba. "Ki ba ni dama ɗaya, Auta. In bai yi ba, ni da kaina zan raka ki kamfanin."

"Malam," Inna ta fara.

"Ke kuma shiga ki zauna a gaba. Yau hannunki nake so. Makunnan suna saman kanki, ki lalubo su daga hagu, in na ce danna ki danna."

Ya canza fis, ya warware haɗin, ya kwance zaren. Ya ciro ƙwan gwaji daga aljihu, ya maƙala jelarsa a jikin ƙarfen mota.

"Na farko."

Ƙas. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ƙwan ya kama. Ya ƙulla.

"Kashe. Na biyu."

"Ka ce don Allah mana. Ni ba yaron shagonka ba ce."

"Don Allah, ranki ya daɗe, na biyu."

Haka suka bi duka huɗun, ita tana dannawa, shi yana ƙullawa, har da biyun da ba a bukata yanzu, don wata rana. Ya sake haɗawa, ya naɗe, ya ja kowace waya ya ji ta kama. Ya sa mai faci ya sauke buhun da ke rufe bakin rumfa, wuri ya yi duhu-duhu.

"Auta, motarki ce. Ki danna da kanki."

Na ɗaya. Haske ya bugi bango fari tas, har ana ganin saƙar gizo-gizo a kusurwa. Na huɗu. Bayan mota ya haskaka. Suka bar su a kunne, shi kuma ya riƙe wayar a tafin hannu yana jira ya ji ko za ta yi ɗumi. Sanyi ƙalau.

"To, kamfani sai su zo koyon ƙulli," in ji mai faci, ya koma kan tayarsa.

Auta ta sunkuya ta shafa zaren da yatsa. Ta rage murya.

"Baba, ka tuna safar makaranta? An ce a sayo ja, ka sayo mini kore. Tun ranar na sani."

Ta juya wajen uwarta.

"Ke kuma Inna, aikina ke nan duba ido, ko da na shanu ne. Yanar ido ce ta fara rufe miki, kuma ana cire ta. Gobe da safe za mu asibiti."

"Ni ba saniya ba ce."

"Saniya ba ta gardama haka. Baba, ka shirya, tare za mu."

"Rumfa fa?"

"Ka rufe ta na yini ɗaya. Jibi abokin aikina zai kawo tasa motar, irin wannan ce."

Mai Ƙulli ya naɗe sauran zaren a yatsa, ya sa a aljihu tare da ƙwan gwaji. Ya buɗe kula, ya tura wa Inna cokali.

"Ki ce masa ya zo da wuri," ya ce wa Auta. "Ba na son jira."