Mai Farke Sunaye

A gidan da ake kula da yaran da aka ci zarafinsu, duk kayan taimakon da mutane suka kawo sai sun bi ta hannun mace ɗaya. Yaran suna ce mata Gwaggo. Ɗakinta yana bayan kicin, da keken ɗinki da taga ɗaya da kwalaye har rufi. Shekararta ashirin da biyu a ciki. Ba ta da kowa a gari, yaran da suka bar gidan kuma ba sa dawowa gaishe ta. Ta ce gara haka, don wanda ya dawo ba lafiya ba.

Wata takwas da rasuwar 'yata na kai mata akwati biyu. A gabana ta buɗe. Ta zare bel daga siket ɗin makaranta, ta jefa a kwando.

"Sabo ne," na ce.

"Na gani. Bel ba ya shiga ciki, akwai waɗanda da shi aka dake su. Roba zan sa."

Sai ta juya wuyan wata riga, ta ɗauki reza. Ni na ɗinka sunan 'yata a wurin, da jan zare, a kowace riga.

"Ki bar wannan," na ce.

Ta ajiye rezar. "Zauna, 'yar nan. A irin gidan nan na tashi. Ran da aka kawo ni ba na magana, aka ba ni riga mai suna a wuya. Mai wanki ta karanta, ta kira ni da shi. Shekara shida ina amsawa." Ta ɗan yi murmushi. "Mai sunan ma gajeriya ce, rigar ko gwiwa ba ta kai mini."

Na shafa jan zaren da yatsa.

"In ba a farke ba, ba ta shiga. Kina iya komawa da kayanki, ba mai ganin laifinki."

Na dubi akwatunan. Na san inda za su koma, ƙarƙashin gadon da ba mai kwana a kai. Na miƙa hannu, ta ba ni rezar.

Riguna goma sha ɗaya ne. Ta juya kan kekenta, ba ta dube ni ba har na gama. Sannan ta sauko da wani gwangwanin madara, cike da ƙananan ƙyallaye masu sunaye.

"Wasu suna tafiya da nasu," ta ce. "Wasu su ce in ajiye, za su zo su karɓa."

"Suna zuwa?"

"Har yanzu dai."

Na zuba goma a gwangwanin, na sa ɗaya a jakata. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, tana zura roba a ƙugun siket ɗin, ita kaɗai.