Maraƙin Gwamnati

Shekarar da fari ya share mana garke, saniya guda ta rage, ita ma ta matata ce. Da rumbu ya ƙare na kora ta daga Madawa ta Nijar zuwa wata kasuwa a Najeriya, don in sayar in sayo hatsi. A bakin iyaka na biya kuɗin fita, ɗan duwan, wato jami'in kwastan namu, ya rubuta mini takarda: saniya ɗaya.

Dillalai suka yi mata tayin wulakanci, na ƙi. Ita kuwa, ko ta ji haushi ne, kashegari ta haihu a tsakar kasuwa. Murna ta kama ni har na manta yunwa. Bayan kwana uku muka juyo gida.

Ɗan duwan namu ya dubi takarda, ya dubi maraƙi.

"Guda tah hita, biyu sun komo. Wanga kayan Najeriya na, sai ka biya kuɗɗin shiga."

"Yallaɓai, cikin nan a garinmu ta ɗauke shi!"

"Ina takardar cikin?"

Na koma baya a fusace. Jami'in Najeriya kuma ya ce maraƙin ɗan ƙasarsu ne, na fitar da shi ban biya ba, shi ma sai an biya shi. Ko dala ba ni da ita. Na wuni tsakanin sandunan shingen iyaka biyu ina zagin ƙasashe biyu.

Da la'asar na kwance maraƙin, na ja uwar na wuce da takardata. Ta yi kuka sau ɗaya, ya sheƙo ta ƙarƙashin sanda ya kama nono.

"Na wa na?" in ji ɗan duwan.

Maraƙin yana tsotson saniyata, na dubi mutumin nan ido cikin ido na ce, "Ban san shi ba." Har yau ina jin kunyar wannan magana.

"To, dabba marar mai ita ta gwamnati ta. Amma gwamnati ba ta da nono. Tahi ka riƙe muna shi amana."

Ya ba ni wata takarda, har da hatimi.

Shekara tara bijimin nan yana cin harawata, ba wanda ya zo nemansa. Sau biyu yunwa ta matsa na kira mahauci, matata ta tare ƙofa.

"Kai da bakinka kac ce ba ka san shi ba. Ba a saida amana a gidan ga."