Ranar da Baba Ya Riƙe Jar Tuta

Mu mutanen Wudil kogi muka sani, da gada, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Jirgin ƙasa ba ya ratsa mu. Shi ya sa har yau nake jin haushin ɗan kwangilar da ya zo ƙauyenmu Utai da akori-kura, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ya kwashi manoma ya kai su gyaran layin dogo can kudu da Kano, bai koya wa kowa komai ba. Daga gidanmu mu uku muka tafi: ni, da Yaya, da mahaifinmu.

Aikin shi ne canza katakon ƙarƙashin layi, da zuba tsakuwa, da ɗaure noti. Abin da aka tanadar don kare rayukanmu kuwa jar tuta ce guda ɗaya tal. Mutum zai tsaya can gaba, in ya hango jirgi ya ɗaga wa direba ita, mu kuma ya yi mana ihu. An ce za a kawo usur, har muka baro wurin ban ga ƙeyarsa ba. Da yake Baba ya manyanta, sai shugaban aikin ya ba shi tutar, wai an sauƙaƙa masa.

Yaya shi ne ɗan farin Baba, kuma a wajenmu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. "Kai" yake ce masa, ko "yaron nan", alhali magidanci ne mai 'ya'ya. Mukan ma tsokani Yaya cewa tsohon ya manta sunan da ya raɗa masa.

Ranar da abin ya faru, akwai tarago cike da tsakuwa da aka ajiye a kan tudu. Birkinsa ya lalace, sai aka tokare shi da dutse. Da hantsi dutsen ya zame, taragon ya gangaro. Ba inji, ba ƙara, ba direban da zai ga tuta. A kusa da mu injin walda yana ta ruri. Yaya yana tsugune a tsakiyar layi da sifana a hannu, ya ba tudun baya.

Ina can gefe ɗauke da katako na ga Baba yana gudu yana kaɗa tutar, yana ta "Kai! Kai, yaro!" Waɗanda ke tsaye suka gani, suka yi tsalle gefe. Amma a wurin aiki wa yake waiwaya don an ce "kai"? Ana faɗarta tun safe har yamma. Na yar da katakon na ƙwala wa Yaya kira da sunansa. Nan take ya ɗago. Ni ya duba, ba bayansa ba.

Sauran ba zan iya rubutawa ba. A akori-kurar da ta kawo mu aka mai da mu gida, aka yi masa sutura kafin magariba.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne. Amma zuciyata ta daɗe tana tafasa da ɗan kwangilar nan, kuma, Allah ya yafe mini, har da Baba. Sai na dube shi a zaure, ya rame ya zama kamar kara, tausayinsa ya kama ni.

Bayan an watse daga zaman makoki, ina alwala a tsakar gida na ji Inna ta tambayi Baba a hankali.

"Malam, ka kira shi?"



"Sunan yana bakina," in ji shi. "Ina jin sa a kan harshena. Bai fito ba."

Inna ta san da ita ce a wurin, ita ma ba zai fito ba.