Dalimag, Uwar Goyon Tinong

A shekarar da sojojin Japan suka cika garin Bangued, Dalimag ba ta daɗe da aure ba. Tana zaune a wani ƙauye da ke saman Lakub, inda gonakin shinkafa ke hawa jikin dutse kamar matakala. 'Yar ƙabilar Tinggiyan ce gaba da baya, hannayenta tun daga wuyan hannu har gwiwa naɗe suke da duwatsun ado da ta gada wajen kakarta. Mijinta Gayban ba mai yawan magana ba ne, ya fi sakewa da ɓaunarsa ta huɗa a kan mutane. Ta haifa masa 'ya mace a farkon damina, amma yarinyar ba ta yi ƙwari ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Aka binne ta a ƙarƙashin ɗakinsu na gora, kamar yadda ake yi. Nono kuwa ya ci gaba da zuwa, yana jiƙa mata riga, yana yi mata zogi, ita kuma ba ta faɗa wa kowa.

Ana cikin haka sai mutanen kwari, Ilokano, suka fara haurowa gudun yaƙi. A cikinsu akwai wata siririyar mace mai suna Pinang, da jariri a hannu. An tafi da mijinta aikin hanya bai dawo ba, yunwa da tafiya kuma sun ƙafar mata da nono, sai ruwan shinkafa take ɗiga wa yaron da tsumma. Dattawa suka rarraba baƙin gida-gida, Pinang ta samu ƙasan rumbun maƙwabtan su Dalimag.

Da hantsi Dalimag tana surfe ta ji kukan yaron, siririn kuka na wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ta jingine taɓarya, ta tsallaka shinge, ta tsaya gaban baƙuwar ta miƙa hannu biyu. Pinang ta ƙara ƙanƙame ɗanta, don tun tana ƙarama ake tsorata su a gari cewa mutanen dutse masu sare kai ne. Sai idonta ya sauka a kan jiƙaƙƙiyar rigar, ta gane, ta miƙa shi. Yaron ya kama da ƙyar, sannan ya kama da gaske. Matan biyu suka zauna a ƙasa suna kallonsa, kowacce na share hawayenta. Da yamma Gayban ya je ya ɗauko ƙullin kayan Pinang ya ajiye a ɗakinsu.

Sunan yaron Tinong. Ya yi ƙiba, ya yi rarrafe a kan daɓen gora, ya fara tafiya yana riƙe da jelar ɓauna. Pinang ta koyi dashen shinkafa cikin taɓo, duk da matsattsaku suna sa ta tsalle har yaran ƙauye su yi ta dariya. Tana kiran Dalimag Manang, wato yaya, ko da yake tsakaninsu ba wani nisa a shekaru. Da bakin Tinong ya buɗe, Dalimag ya fara kira Inna. Daga baya ne aka koya masa ya ce wa mahaifiyarsa Nanang, irin na mutanen gari.

Yaƙi ya ƙare, aka ce Bangued ta ƙone amma mutane suna komawa. Pinang tana da fegin mijinta da keken ɗinkinsa wanda wata ƙanwarsa ta ɓoye, dole ta koma. Tinong ya ce sam ba shi zuwa, ya maƙale a zanen Dalimag. Ita ce ta goya shi ta sauka da su dutsen da kanta, suka haye kogin Abra a kan gadon fito na gora, ta zauna da su a wata bukka ta kwanon da wuta ta lasa har yaron ya saba da yaran unguwa. Ranar kasuwa ta ga ya shagala da kallon mai sayar da tukwane, sai ta taɓa kafaɗar Pinang, ta juya ta kama hanya. Ba ta waiwaya ba sai da ta kai bakin kogi. Mai fito ya tambaye ta ko rasuwa aka yi mata, ta ce a'a, ɗa ta mayar wa uwarsa.

Bayan haka ta haifi 'ya'ya mata biyu, duk suka rayu. Shi kuwa Tinong, duk rani idan an ba da hutun makaranta Pinang takan haɗa shi da fataken da ke haurawa, ta ba shi gishiri da tulun daddawar kifi ya kai wa Inna. Yakan dawo da shinkafar dutse da zuma, bakinsa cike da yaren Tinggiyan, har 'yan ajinsu suka laƙaba masa ɗan dutse. Ya taɓa kawo ƙarar haka wajen Dalimag, ta cire lofe daga bakinta ta ce ai ba su yi ƙarya ba, sannan ta ce masa ya ƙara tuwo.

Da ya zama saurayi ya bi sahun samarin Ilokano zuwa Hawaii, can ƙetaren teku, neman aiki. Can ya yi aure, can ya haihu. Gayban ya rasu, 'yan matan suka yi aure a ƙauyukan kusa, Dalimag ta ci gaba da noman 'yar gonarta. Wata rana wani falke ya kawo labari cewa Pinang ta faɗi a gindin keken ɗinkinta, ɓarin jikinta ya shanye, ba mai kula da ita sai maƙwabta. Dalimag ta bar wa surukinta gona da kaji, ta ce za ta je ta dubo ta ta dawo. Dubiyar da ta ɗauki shekaru ke nan.

Ita ke yi wa Pinang wanka, ta taje mata kai, ta fito da ita baranda ta sha hantsi. Ranar Lahadi takan tura ta a keken guragu zuwa coci, ta zauna a bakin ƙofa tana shan lofe har a tashi. Kullum sai sun yi faɗa a kan miyar zogale. Pinang ta ce mutanen dutse ba su san gishiri ba, Dalimag ta ce mutanen kwari sai sun zuba teku a tukunya suke jin sun yi girki. Maƙwabta tun suna zuwa rabo har suka gane abin nasu ne.

Wata rana da la'asar, Dalimag tana yanke mata farce, Pinang ta yi magana da karkataccen bakinta.

"Manang, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da yaron nan ya ce miki Inna, ina zaune a gefe ina tsince shinkafa. Na daɗe ina jin haushinki."

"Na sani," in ji Dalimag. "Ai ranar tsakuwa kika ba mu muka ci."

Pinang ta yi dariya har ta ƙware.

"Ke fa? Ba ki ji haushina ba da na raba ki da shi?"

"Na ji mana. Damina guda ban ci daddawar kifin da kika aiko ba, kare na zuba wa. Miƙo ɗaya hannun."

Pinang ta rasu a lokacin girbin taba, kanta a kan cinyar Dalimag. Tinong ya iso kafin a binne ta, ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Bayan an gama zaman makoki ya durƙusa gaban Dalimag ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa na Hawaii, jikokinta suna son ganinta. Ta saurare shi har ya gama, ta shafa kansa, ta ce ita da jirgin sama sai dai kallo, kuma shinkafarta ta daɗe a hannun suruki. In yana son yi mata wani abu, ya raka ta gida.

Mota ta kai su inda hanya ta ƙare, sauran kuma sai ƙafa. Tsohuwar ta kama sandarta ta yi gaba, Tinong na biye da kaya a kafaɗa yana haki. A kowace kwana sai ta zauna a kan dutse ta jira shi.

"Inna, don Allah a hankali, zuciyata za ta fito."

"Me suke ba ka a can ne, kitse zalla? Kawo jakar."

Bai ba ta ba. Suka isa ƙauyen rana na shirin faɗuwa, 'ya'yanta da jikoki suka fito da gudu, ƙannen nasa suna yi masa tsiyar tumbi tun bai ajiye kaya ba. Aka yanka alade, aka fito da giyar rake, aka buga ƙararrawar tagulla, har Tinong ya shiga fili ya taka rawa yadda ya iya.

Ya yi sati a ƙauyen, ya sake mata jinkar ɗaki da hannunsa, sannan ya koma. Daga nan kuma bai ƙara tsallake rani ba, wata shekarar shi kaɗai, wata da 'yarsa. Dalimag ta ƙara shekaru masu dama tana kiwon kajinta, kuma duk wanda ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, takan ce huɗu: ɗaya na ƙarƙashin ɗaki, biyu na kusa, babban kuma yana ƙetaren teku.